Kada Ku Kira Ta Sista

Jawabin Ustaza Sabah Sulaiman, malamar sakandare, a taron sadakar arba'in na Hakim Mahmudu Almu, jami'in lafiyar gari, a farfajiyar ɗakin shan magani na Hillat Almu, kusa da Suki.

Da sunan Allah nake buɗe bakina, wanda ya ba mu aron Mahmudu, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Allah ya ja zamanin Umda, mai garinmu. Allah ya gafarta Liman da sauran malamai. Malam Uzairu, shugaban lajna, kwamitin garinmu, kai da abokan aikinka. Baƙinmu da suka sha hanya daga Suki da Abu Na'ama da Damazin, da ma'aikatan lafiya abokan aikin marigayi. Iya Aminat, uwargidansa, wadda rashin nan ya fi taɓawa. Ayman, ɗan marigayi, kai da ƙannenka. Iyayena mata da ke bayan zana, da ɗalibaina da ke tsaye a rana. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kun san ni, ba na iya kewaye-kewaye, har mamaki na yi da lajna ta zaɓe ni. To tunda an ba ni wuri, zan fara da abin da ke kan teburin nan, don tun ɗazu na ga idon kowa yana kansa. A cikin akwatin nan akwai farar rigar aikin Hakim da samma'arsa, wadda yake sawa a kunne ya saurari ƙirjinmu. Lajna ta ce in na gama magana in kira Hanaa, ɗiyar Salih, in danƙa mata a gaban jama'a a matsayin magajiyarsa. Ranar Asabar mai zuwa Hanaa za ta sake zama imtihan na shahada, jarrabawar gama sakandare, wanda da shi ne ake shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta zauna sau ɗaya ta kasa. Ko za ta iya zama na biyun, wallahi yau da nake tsaye nan ban sani ba. Ku yi haƙuri in yi maganar mamacin tukuna, don ba za a gane maganar yarinyar ba sai an san shi.

Ya kasance mutum ne da ba a aika masa sau biyu. Duk wanda ya san laka ta ƙasar nan da damina, wadda take cire wa mutum takalmi ta riƙe, ya san me ake nufi in an ce Hakim ya zo. Kekensa ya fi hawansa a kafaɗa fiye da yadda shi yake hawan keken. Zai shigo gida tsamo-tsamo, kafin ya dubi mara lafiya sai ya fara da faɗa: "Wa ya ce ku bari sai ya kai haka? Kuna jiran in yi mafarkinsa ne?" Yana faɗan yana wanke hannu, kuma ba a taɓa jin ya fita bai zauna ya sha ruwan gidan ba.

Ya kasance bakin tsofaffinmu. Ku matasa kuna Larabci kamar ruwa, wasunku Hausar ma sai a hankali, amma kakanninku mata ba su iya faɗa wa likita inda ke musu ciwo da Larabci. Tsohuwa za ta ce cikinta na murɗa, a rubuta mata maganin da ba nata ba. Sai Hakim ya rufe ɗakin magani, ya hau lori da ita har babban asibiti, ya tsaya a kanta yana fassara. Uwata tana cikin waɗanda ya yi wa haka. Har ta bar duniya tana cewa Mahmudu ne kaɗai ya san sunan ciwonta.

Ya kasance mai tsokana, ni kuwa na sha tawa. Duk ranar da na zo awon jini, kafin ya ɗaura min abin awon sai ya ce, "Ustaza, wa kika yi wa faɗa yau? Faɗa min in rage daga lissafin." In na hasala ya yi dariya ya ce to ga shi nan ya ƙaru.

Ya kasance a nan lokacin da yaƙi ya zo. Ba sai na tuna muku ba. Hanya ta yanke, wuta ta ɗauke, waya ta mutu, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa da yara a goye, muka cika makarantata da su. Masu hali sun tafi, ba kuma na zarginsu. Ayman ya zo da mota daga Damazin don ya ɗauki ubansa, uban ya ce a tafi da Iya, Iya ta ce ba inda za ta. Magani ya ƙare, ya koma dafa ruwa yana haɗa gishiri da sukari, yana bi rumfa-rumfa da buta. Akwai yara da yawa da ke guje-guje a bayan taron nan waɗanda butar nan ta tsayar.

A wannan lokacin ne muka gane cewa mutum ɗaya ne tsakaninmu da kabari, kuma mutumin ya tsufa. Tsoro ya kama gari. Sai muka waiwaya muka dubi yaranmu masu son aikin jinya. A ajina akwai Rayan, akwai Saifuddeen, akwai Hanaa, ita ce kuma ta fi su kai. An ɗaga imtihan, an sake ɗagawa, yaran nan suna karatu ba su san ranar da ake jira ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana yaro cin abinci.

Sai gari ya yi abin da ya iya, abin da muka gada. Aka kira nafir, gayya irin ta iyayenmu, a hawashar Salih, wato gonarsa, don a ɗauke wa ɗiyarsa aikin gona ta zauna ta yi karatu. Ya jama'a, ranar ta yi kyau. Maza da fartanya tun daga bakin magudanar ruwa, mata suna waƙa, aka share gonar kafin rana ta take. Babu wanda ya je da mugun nufi, ina shaida a gaban Allah.

Amma kun san al'adar nafir. Ɗiyar gida ce take kai wa masu aiki karin kumallo, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan wanke hannu, ta yi wa kowa godiya. Hanaa ta ɗauki tiren kisra, wainar dawar nan tamu, ta bi layi. Wannan ya ce, "Sista, gumin nan naki ne." Wancan ya ce, "Sista, mun bar gonarmu mun zo taki, kada ki ba mu kunya." Tsohon da bai iya tsayuwa sosai ya riƙe hannunta ya ce ita za ta rufe masa ido. Kowa jimla ɗaya ya faɗa ya ci gaba da cin abincinsa, ya manta. Ita kuwa duka ta kwaso ta kai gida. Kuma ba sau ɗaya aka yi nafir ɗin ba, an yi na shuka, an yi na noma, an yi na girbi.

Daga nan sunan ya bi ta. Yarinyar da ko ƙofar makarantar jinya ba ta taɓa gani ba ta zama Sista a bakin kowa. Mata suka fara kai mata yara gida. In Hakim ya ƙetare kogi, sai a ce a kai wa ɗiyar Salih ta duba, ai tana karanta littafin. Wane littafi? Littafin ilimin halittu na sakandare, wanda ni nake koyar da shi, kuma ni kaina ban iya allura ba! Wata rana aka kai mata jariri jikinsa zafi rau. Ta ce a nemi Hakim, ita ba ta san komai ba. Kafin a same shi yaron ya cika. Uwar yaron tana wurin nan, 'yar'uwata ki yafe min, ban ɗauko maganar don in fama miki ciwo ba. Ke ba ki zarge ta ba, babu wanda ya zarge ta. Ita ce ta ɗora wa kanta, ta daina barci, hannunta ya fara rawa.

Ranar imtihan ina cikin masu raka ɗalibai. Aka raba takarda. Ta san amsa, na rantse ta sani, don a gabana ta sha amsa waɗanda suka fi su wuya. Alƙalami ya ƙi tsayawa a hannunta. Ta zauna tana kallon takarda, zufa na zuba, daga baya ta tashi ta fita ta yi amai a gindin bango. Da muka dawo da yamma, me muka tarar a tashar lori? Rabin gari. Mata sun fara guɗa tun motar ba ta tsaya ba, har rago an ɗaure. Ta ƙanƙame min hannu ta ce, "Ustaza, ki ce wa direba ya wuce." Direba bai wuce ba, a gaban kowa ta sauka.

Yanzu ku ji abin da Mahmudu ya yi, don saboda shi muka taru. Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, wasunku kuna wurin. Ya ce, "Wagga yarinya sunanta Hanaa. Duk wanda na ji ya sake kiran ta Sista, ya nemi mai yi mishi allura." An yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce duk mai mara lafiya ya jira shi ko ya aika a ƙetare kogi a kira shi, amma kada a sake buga ƙofar Salih.

Sannan ya buɗe wa yaran nan masu shirin imtihan rumfar gidansa. Kullum bayan la'asar su taru, Iya Aminat ta soya bunni, 'ya'yan gahawa, ta dafa musu jabana su sha. Dokarsa ita ce ba a buɗe littafi sai an shanye. Kafin nan a tsince kuɓewa, a yi gulmar malamai, har da tawa, na sani. Sai ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, "Mi ka ba ka tsoro wanga mako?" Ba ya yi musu wa'azi, ba ya cewa ku daure. Ya saurara, wani lokaci ya ce shi ma abin yana ba shi tsoro. A rumfar nan Rayan ta gano ba ita kaɗai take mantuwa da abin da ta haddace jiya ba. A nan Saifuddeen ya faɗi nasa. Shi ba wanda ya yi masa nafir. A gidansu cewa ake aikin jinya na mata ne, yana dawowa daga gona a gajiye ya buɗe littafi a yi masa dariya. Shi ma hannunsa rawa yake, irin ta Hanaa sak. Hakim ya ce min, "Ustaza, dubi ikon Allah. Ɗaya an bar shi shi kaɗai, ɗaya gari duka ya zauna mata a ka, ciwon kuwa iri ɗaya." Sai ya haɗa su, ita ta koya masa sinadarai, shi ya riƙa kare ta in ya hango masu tare ta a bakin titi da addu'a.

Ni malama ce, na ga abin da ya biyo baya da idona. Yarinyar ta koma cin abinci. Ta koma yin kuskure a aji ta yi dariya, wanda a da in ta yi kuskure ɗaya sai ta yini ba magana. Ban ƙara mata darasi ko ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne ta sami wuri guda a garin nan inda ba wanda yake jiran komai daga gare ta.

Sai zazzaɓin bayan damina ya kama Mahmudu. Ya yi ta duba mutane da shi a jikinsa har ya kwanta, bai tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A zaman makoki ina zaune cikin mata, Hanaa tana raba shayi. Da kunnena na ji. "Yanzu ke ce Hakim ɗinmu." "Ki ci imtihan ɗin nan don shi, kada ki bar shi ya ji kunya a kabari." Haba jama'a! Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka koma abin da ya hana. Tun ranar ba ta sake taka rumfar ba. Shekaranjiya uwarta ta zo gidana tana kuka, ta ce rawar hannun ta dawo, ko kofi ba ta iya riƙewa, ta ce ba za ta hau lori ranar Asabar ba.

A haka ake so in kira ta, ta ratsa taron nan, a gaban Umda da baƙi, in sa mata rigar mamaci a hannu. Ba zan yi ba.

Malam Uzairu, zauna, don Allah zauna, ban gama ba. Na ji ka. Ka ce lajna ta riga ta yanke, kuma girmamawa ce. Na yarda girmamawa kuka nufa. Na kuma san abin da ba ka faɗa ba: sarakuwarka, matar ɗanka, tana da tsohon ciki, ɗakin maganin nan a kulle yake tun ranar da aka fita da Mahmudu, kuma in wani abu ya tashi ba ka san ƙofar da za ka buga ba. Ni ma ban sani ba. Ni ma tsoro nake ji, jinina ba wanda ya auna tun da ya kwanta. Amma ko yarinyar nan ta ci ranar Asabar, shekaru za ta yi tana karatu kafin ta riƙe allura. Rigar nan ba za ta karɓi haihuwar sarakuwarka ba. Aikin lajna ne ta tashi ta je wurin hukumar lafiya ta nemo mana ma'aikaci, ta yi ta komawa har a gaji da ganinta. Ku manya ne, kuna da baki da rawani. Ku ɗauki wannan, ku sauke shi daga kan ɗiyar mutane.

Iya Aminat, kayan mijinki ne, ke ke da iko da su. In kin ce a ba ta, sai dai wani ya miƙa, ni na koma gefe.

Na baya ba ku ji ba, bari in maimaita abin da Iya ta ce. Ta ce, "Ayman, ɗauko min kayan ubanka. Rigar ko wankewa ban yi ba, da warinsa a jiki, wa ya ce muku na gama da ita?" To kun ji. Ayman, ɗauki, kai mata.

Iya, tunda kin yi magana, ina da roƙo. Na san gidan ya yi miki faɗi, na san jin muryar yara a rumfar nan ba shi a ciki zai yi miki zafi. Amma ki daure ki dafa jabana gobe bayan la'asar, da jibi, har zuwa Juma'a. Ba sai kin ce musu komai ba, shi ma yawanci shiru yake yi. Rayan da Saifuddeen za su biya su ɗauko Hanaa. Ayman, na ji kana son tafiya da Iya Damazin, kuma kana da gaskiya. Ka ba mu zuwa Asabar.

Ku kuma mutanen gari, ga naku. Daga yau har ta tafi, wanda ya gamu da ita a hanya ya gaishe ta da sunanta, ya tambayi lafiyar uwarta, ya wuce. Mai addu'a ya yi a sujadarsa, Allah yana ji, ba sai an tare ta a titi an kama mata hannu ba. Mai son taimako da gaske ya ɗebo wa gidan Salih ruwa ya ajiye a ƙofa, kada ya tsaya a gode masa. Ya leƙa gonar su Saifuddeen ma, shi ma Asabar ɗin yake zama. In lori ya dawo da yamma, kowa ya kasance a gidansa. Ubanta kaɗai zai je tasha.

Hanaa, na san kina bayan zana, ba kuma zan ce ki fito ba. Saurara, ɗiyata. Ba ki kashe yaron nan ba. Hakim ya faɗa miki, ni ma ina faɗa a gaban uwarsa, ga ta nan tana gyaɗa kai. Noman da aka yi a gonar ubanki an yi shi ne don Allah, dawar an cinye ta, magana ta ƙare. Mahmudu ba ya jiran sakamakonki, yana gaban Ubangijinsa da aikinsa. In kin hau lorin nan, ki hau don ke kike son aikin, na kuwa san kina so, na ga fuskarki ranar da kika fara jin bugun zuciya a samma'ar Hakim. In kin ci, alhamdu lillahi. In ya sake gagararki, ranar Lahadi ki zo gidana ki taya ni tsince wake, in yi miki faɗa a kan rubutunki kamar kullum. In ma kin ce ba bana ba, ke ɗiyarmu ce, ba abin da ya ragu.

Na gode wa Umda da Liman da suka yi haƙuri da bakina. Na gode wa baƙinmu, Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya tsare hanya. Malam Uzairu, na ɓata maka tsari a gaban mutane, in za ka yi fushi ka yi da ni, na saba, amma gobe ina jiran in ji ranar da lajna za ta tafi.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Mahmudu ɗan Almu. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya jikin 'ya'yanmu, ka haɗa shi da salihan bayi. Ka ba Iya Aminat da 'ya'yanta haƙuri. Ka kashe wutar da ke ƙasarmu, ka mai da waɗanda suka bar gidajensu. Ka natsar da zukatan yaranmu ranar Asabar, ka tsayar musu da hannu. Ya Allah, mu marasa lafiya ne kuma tsoro muke ji. Ka aiko mana da mai duba mu daga inda ka so, ka bar wa Salih ɗiyarsa ta yi barci.

Amin. Al-Fatiha.